Kwalbar da Rahila ta ɗauraye

Har gobe ban manta da ranar da sufeto ya zo daga Birnin Kebbi duba ɗakin gwajinmu ba. Lokacin ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare kusa da Wara. In ya gamsu, ɗalibanmu za su rubuta jarrabawar kimiyya a gida, wato a makarantarmu. In bai gamsu ba, sai su tafi Yelwa, kuma na san iyaye ba za su bar 'yan mata su je can su yi makonni ba. Tun safe na kasa zama, ko shayi ban iya shanyewa ba.

Gwajin mai sauƙi ne. A toshe kwalba mai iska, a haɗa bakinta da sirinji, a tsoma ta cikin ruwan da ake ɗumamawa a kan risho. Zafi na ƙaruwa, iskar na kumbura, tana tura sandar sirinjin sannu a hankali. Sharaɗin ɗaya ne, cikin kwalbar ya zama busasshe ƙarau.

Na raba ɗaliban rukuni-rukuni, ina ta kai da kawowa a tsakaninsu. Gwajin samarin ya tafi daidai. Sufeto ya wuce su, ya tsaya a kan Rahila, 'yar wani masunci, wadda ita ce nake taƙama da ita. Ruwa bai ma tafasa ba sandar sirinjinta ta taho a guje, ta fice, ta faɗo a kan takalminsa. 

Ban ankara ba na fara kame-kame, ina cewa ko sirinjin ne ya lalace. Ya ɗaga mini hannu, ya ciro kwalbar ya duba ta a hasken taga. Ga ɗigon ruwa nan maƙale a ciki.

"Ɗiyata, mi kika yi ma kwalbag ga?"

"Ɗauraye ta niy yi, ranka ya daɗe. Inna ta ce ba a aiki da kwano sai an ɗauraye shi, balle ga baƙo."

Ashe ruwan ne ya zama tururi, ya haɗu da iskar suka tura sandar tare. Sufeto ya tambaye ta abin da ya faru, ita da kanta ta gano hakan. Ya ce a shanya kwalbar a rana a sake. Ni dai jiran bushewar nan ya fi mini komai tsawo. Karo na biyu sandar ta tafi yadda ake so, sufeto ya sa hannu a takardar amincewa ya tafi.

Abin da na koya shi ne, yaranmu ba sa shigowa ɗakin gwaji hannu rabbana, da tarbiyyar gida suke zuwa, kuma ita hannunsu ke fara bi. Tun daga ranar, kowane sabon aji sai na gaya musu cewa Inna tana da gaskiya a madafa, amma a nan sai kwalba ta bushe.

Shekarar nan 'yan matanmu a gida suka rubuta jarrabawarsu, Rahila a benci na gaba.