Lamba Tamanin da Bakwai

Ok Chil-bong na da shekara shida uwarsa ta mutu a sansanin 'yan gudun hijira, lokacin yaƙi. Aka binne ta a tudun bayan ƙauyenmu, ba dutse, ba suna. Abin da ya riƙe kawai shi ne akwai wata bishiya kusa, ita kuwa tuni aka yi itacen girki da ita.

Tunda bai san wanne ne kabarinta ba, duk shekara kafin bikin Chuseok, lokacin da kowa ke yanke ciyawar kabarin iyayensa, shi sai ya ɗauki lauje ya bi duka kaburbura marasa suna da ke tudun, ɗari biyu da goma sha biyu. Kwana tara yake yi. Mukan tsokane shi da cewa ya fi kowa dangi a lahira. Ba ya ko ɗago kai.

Bara ma'aikatan gunduma suka kafa wa kowane kabari farin turke mai lamba. Za a yi hanya. Wanda ba a samu ɗan'uwansa ba, a tone shi. Ni ne mai unguwa, sai na tara mutane. Mu talatin da ɗaya muka rage, duk tsofaffi, mai sanda ya fi marar sanda yawa. Kowa ya zaɓi kabari ɗaya, ya buga hatiminsa a takarda cewa na kawunsa ne ko gwaggonsa. Ƙarya muka shara, kuma ko a jikina.

Chil-bong ne na ƙarshe. Ya daɗe yana kallon takardar har na ƙosa.

"Yaya, wace lamba zan rubuta?"

"Ko wacce."

Na rubuta masa tamanin da bakwai, don ita ce a gaban birona.

Sauran aka tone, aka ƙona ƙasusuwan, aka adana tokar a wani gini a birni. Hanyar ta kauce wa namu. Jarida ma ta yabe mu.

Bana na taya Chil-bong yankan ciyawar. Kafin rana ta take mun gama. Ya tsiyaya giyar shinkafa a kan tamanin da bakwai, ya durƙusa sau biyu yadda ake yi, ya zauna yana goge lauje. Na ce ai mun yi ƙoƙari. Ni kaina ban ji komai ba da na faɗa.

Ya ce, "A da, in na gama duka, na san na yanke wa Inna tata ciyawar."