Kujerar Kaka a Motar Yaya Illa

Da rana tsaka Nasiru ya shigo mini da motar a cikin kwali, ina zaune ina tsintar shinkafa. Nasiru ɗan yayana ne, Yaya Illa, wanda Allah ya yi wa rasuwa a ƙarshen daminar nan. Tun da aka tashi daga zaman makoki yaron bai cika magana ba. Ya ajiye kwalin a gabana, ya buɗe, ya tsuguna.

Ƙaramar mota ce ta hannu, ba ta wuce taƙi biyu ba. Babansa ya fara ƙera ta a garajinsa na nan Konni, a lokutan da aiki ya yi sauƙi, ciwo ya kwantar da shi bai gama ba. Bodin na gwangwani ne, an sare rufin an sauke shi ƙasa. Injin yana waje ba marfi, bututun hayaƙi sun fito ta gefe. Ba a sa mata ƙafafu ba tukuna, ba a yi fenti ba. A ciki akwai kujeru biyu. Ta direba ta ƙarfe ce. Ɗayar kwalin ashana ne, an lulluɓe shi da ƙyallen atamfa.

"Gwaggo, so nike in ƙarasa ta," in ji shi. "Na tura ma abokaina hotonta a salula. Wani ya ce ja, wani ya ce baƙi. Wani ya ce in ƙara mata fitilu. Amma duk sun ce in cire wagga kujera. Wai motar tsere mutum guda taka ɗauka, kuma kwalin ashana ya ɓata ta. In cire?"

Filaya na hannunsa, ya riga ya buɗe bakinta. Na ce masa ya dakata sai bayan magariba, domin amsar tana cikin tatsuniya, ba a kuwa yin tatsuniya da rana. Ya dube ni kallon wanda yake ganin ya wuce shekarun tatsuniya. Amma ya rufe kwalin.

A Alela muka tashi, ni da Yaya Illa, a gidan kakarmu ta wajen uba. Idan an gama girbi sanyi ya shigo, bayan mun ci tuwo, sai Kaka ta hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta. Mukan zagaye ta, mu da ƴaƴan maƙwabta, tana juya gujiya a cikin toka da wani guntun sanda. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin. Wuta takan gani, da inuwar mutum, amma fuska sai ta shafa. Yaya Illa shi ne mijinta na wasa. Ba ta kiran sa da suna, sai "maigida". Shi kuwa ya ce ya sake ta tun bara, ita ce ta ƙi fita.

Tun yana ƙarami hannunsa yake da ƙira. Da kara ya fara, ya koma waya da gwangwani. Kuma akwai ƙa'ida a gidanmu wadda ban san wanda ya kafa ta ba: duk motar da ya ƙera, ba ta fita waje sai Kaka ta duba ta. Takan ɗora ta a cinya, ta bi ta da yatsu daga gaba har baya, sannan ta ce a tura ta a kan tabarma, ta karkatar da kai ta saurara. Ta kunne take gane ƙafar da ta karkace.

Wata shekara kawunmu, direban babbar mota, ya zo da kalanda daga hayin iyaka. A jikinta akwai hoton wata mota da ba mu taɓa ganin irinta ba. Tsohon yayi ce, amma an datse ta, ƙafafun baya manya, na gaba ƙanana, inji a waje, an zana harsunan wuta a jikinta. Yaya Illa ya daina cin abinci yadda ya kamata. Ya ce ita zai ƙera, da ita zai shiga tseren da yara suke yi ranar kasuwa a gangaren bayan lakwal, wato makarantar boko.

Kuskurensa shi ne, wannan karon ya bi gari da ita yana tambaya. Mai gyaran keke ya ce mota ba ƙararrawa ba mota ba ce, ya ba shi wata tsohuwa. Tela ya ce a yi mata geza, ya ba shi ƙyallaye. Wani ɗan kabu-kabu ya ce sai da madubi. Ni ma na ba shi tsakiyar adon wuyana da ta tsinke, na ce a rataya mata. Bai ƙi ko ɗaya ba. Ana jibi kasuwa ya tura ta a tsakar gida, ta yi ɗan gaba, ta dafe hanci a ƙasa.

Da yamman nan ya zo bakin wuta da ita, fuska a murtuke. Ya ce ba sai an duba ba, cikin wuta za shi jefa ta.

"Miƙo nan, maigida," in ji Kaka. "Ko akuya ba a yanka ta sai an ga haƙoranta."

Ta daɗe tana shafawa. Ƙararrawar ta yi ƙara, yara suka yi dariya, Yaya Illa ya sunkuyar da kai. Kaka ba ta ce tana da kyau ba, ba ta ce ba ta da kyau ba. Ta ajiye ta kusa da ƙafarta, ta gyara zama, ta ce, "Ga wata nan ta taho da ƙafarta." Muka amsa yadda ta koya mana, "A shimfiɗa mata tabarma."

Tatsuniyar buzuzu ta yi mana. Ta ce a wani daji an yi wani buzuzu da babu wanda ya kai shi iya mulmula curi. Matarsa ta kusa haihuwa, sai ya ce bana zai yi curin da ba a taɓa gani ba, ya gangara da shi gida kafin ruwa ya sauko, a sa jaririn a ciki. Ya mulmula, ya yi sumul. Maimakon ya kama hanya, sai ya tsaya a mararraba yana tambayar masu wucewa. Zakara ya ce ya yi kyau, amma da sauran gashi, ya fizge nasa ya soka masa. Bushiya ta ce wa zai bar abu haka ba tsaro, ta kafa masa ƙaya. Katantanwa ta ce sai da murfi, ta kifa masa ɓawo.

"Kun lura?" in ji Kaka, tana nuna mu da sandan gujiya. "Ba wanda ya cuce shi. Kowa abin da ke jikinai ya ba shi."

Hadari ya haɗu, buzuzu ya juya baya ya sa ƙafa ya tura, curi ya ƙi motsi. Ƙaya ta kama ƙasa, ɓawo ya danne. Yana nan yana kuka sai ga wata tsohuwar tururuwa, ɗauke da ƙwayar gero. Ya ce, "Inna, mi ya rage in ƙara?" Ta sauke kayanta, ta zagaya curin, ta ce, "Ina za ka da shi? Wa zai shiga ciki?" Nan buzuzu ya tuna bai ma bar wurin jaririn ba. Ya cire ƙaya, ya cire ɓawo, ya rarake ciki. Gashin zakara guda ɗaya ya bari, don shi da kansa yana son sa, kuma ba ya hana tafiya. Ya isa gida ruwa na fara ɗiga.

"Ta naɗe tabarmarta ta yi gaba," in ji Kaka. Haka take rufe kowace.

Yaya Illa ya ce, "Kaka, ni ba buzuzu ba ne."

"A'a, wane kai. Buzuzu ya fi ka wanka." Ta lalubo motar ta ɗaga. "To, maigida, ina wagga mota za ta?"

"Konni."

"Da wa?"

"Da ni mana."

Ta sa yatsa a ciki ta zagaya. "Kujera guda nika ji. Matarka fa? A ƙasa zan bi ka ina ɗingishi?"

"Motar tsere ce, Kaka. Mutum guda taka ɗauka."

"To ka yi tseren da ni. Ba ni da nauyi. Ƙararrawar ga ta fi ni."

Dariya ta kuɓuce masa duk da bai so ba. A nan bakin wutar ya fara warware waya. Ƙararrawa ta sauka, geza ta sauka, madubi ya sauka, aka mayar mini da tsakiyata, na yi fushi na ɗan lokaci. Da ya tura ta a tabarma, Kaka ta saurara ta ce marfin kwalba da ya yi ƙafafun baya da shi surutu ne kawai, ba zai tafi a rairayi ba. Ta zare tsohon takalminta na soso ta miƙa masa, ta ce ya yanka manya biyu. Na gaba ta ce ya bar su, ƙanana sun fi jin magana. Sai ya kama yatsanta ya bi da shi kan harsunan wutar da ya zana da jan fenti, yana gaya mata yadda suke. Ta tambaye shi wa ya ce ya zana. Ya ce ba kowa. Ta ce, "To shi ne gashin zakararka. Bar shi."

Kwalin ashanarta ta zazzage ta ba shi, ta yago bakin wani tsohon zane aka lulluɓe. Aka ɗaure shi kusa da kujerar direba.

Ranar kasuwa bai zo na farko ba. Wani ɗan gidan maƙera ne ya ci. Da ya dawo yana ba Kaka labari murya ƙasa-ƙasa, sai ta katse shi.

"Na faɗo?"

"A'a."

"Na isa?"

"Kin isa."

"To mi kake ma ɓacin rai? Mun ci."

Kaka ta rasu tun Yaya Illa bai fara koyon kanikanci ba. Ba ta taɓa shiga motar da ya gyara ko ya tuƙa ba. Ya girma, ya dawo Konni, ya buɗe garaji, ya yi iyali, amma bai bar ƙera ƙananan motoci ba. Hannunsa ya ƙware, ya koma yi da dalma da tagulla, har mutane na tsayawa kallo. Komai na jikinsu ya canza, ban da kwalin ashana. Abokan aikinsa sun sha yi masa tsiya a kai. Murmushi kawai yake yi, ya ce an riga an kama wurin.

Na daɗe ina ɗauka cewa abin da tatsuniyar take nufi shi ne kada mutum ya saurari kowa. Daga baya na ga ba haka ba ne, domin Kaka ma ta ba da shawara, har ta fi ta kowa tsanani. Bambancin shi ne ita sai da ta tambaya. Sauranmu mun dubi motar mun ga abin da muke so. Ita da ba ta gani, ta tsaya ta ji inda yake son zuwa. Tun rasuwar Yaya Illa mutane suke ba Nasiru shawara, kowa da kyakkyawar niyya: ya yi haƙuri, ya riƙe karatu, ya kama garaji, ya bar wasan yara. Ni ma na faɗi nawa. A ranar da ya kawo kwalin ne na lura ba wanda ya tambaye shi komai.

Bayan magariba na hura gawayi a tsakar gida, ko da yake sanyin bai kai a hura ba. Na koya masa amsar buɗe tatsuniya irin ta Kaka, ya faɗe ta yana jin kunya. Na yi masa tatsuniyar buzuzu, sannan na ba shi labarin takalmin soso da kwalin ashana.

Da na gama ya juya filayar a hannunsa. Sannan ya sa ta a aljihu.

"To ƙafafun fa, Gwaggo? Wani ya ce in nemo na roba a kasuwa."

Na ɗora motar a cinyata. Ban san lokacin da na rufe ido na fara bin ta da yatsu ba. Na ce, "Ina za ta?"

"Alela," in ji shi. "Baba ya ce in mun gama za mu kai ta gangaren bayan lakwal."

"Rairayi ne can. Sai soso. Da wa za ta?"

Ya miƙo hannu ya taɓa kwalin ashana. "Nan Kaka." Ya taɓa kujerar ƙarfe. "Nan Baba."

"Kai fa? Ba ka bar ma kanka wuri ba."

Ya dube ni kamar na yi tambayar da ba ta kamata babba ya yi ba.

"Gwaggo, ai ni ke turawa."

Na sunkuya na zare takalmina na miƙa masa. Na ce ya yanka manya biyu.