Tsamiyar Masaukin Buakham

Na fi shekara ashirin ina sayar da taliya da romon kaza a bakin lungunmu, cikin tsohon birnin Chiang Mai, kuma ƙofar da ke kallon rumfata ta masaukin Buakham ce. Ɗakunan katako ne jere a gefen lambu, kowanne da fanka da gidan sauro. Masu ƙaramin ƙarfi ke sauka can: ɗalibai masu jaka a baya, mutanen ƙauye da suka kawo mara lafiya asibiti, wani lokaci tsofaffin Turawa da sanyin ƙasarsu ya koro.

A wannan gida aka haifi Buakham, mai masaukin. Mahaifinta kafinta ne, shi ya gina benen katakon da ke ƙuryar lambun. Ta yi aure a Bangkok, ta yi shekaru tana gyaran gadaje a wani babban otal, sannan ta dawo da 'ya ɗaya ba miji, ba ta kuma taɓa faɗa mini abin da ya raba su ba. Da ragowar katakon mahaifinta ta kafa ɗakunan farko. Shara, wanki, ban ruwa, karɓar baƙi, duk ita ce. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana.

Abin da ke jawo mata baƙi wata tsohuwar tsamiya ce a tsakiyar lambun, wadda inuwarta ta lulluɓe ɗakunan. An naɗe gindinta da ƙyallaye masu launi-launi, kuma kowace safiya mahaifiyar Buakham, Kaka Khamla, tsohuwar da ta haura tamanin, takan ajiye mata furanni da ɗan curin shinkafa. Ni Musulma ce, ba ruwana da wannan, amma na sha inuwar kamar kowa.

Ana gab da Songkran, bikin watsa ruwa na sabuwar shekara, Buakham ta tsallako tun ban hura wuta ba, ta ce in zo in ga wani abu. Duwatsun da aka shimfiɗa a gindin tsamiyar sun ɗago ta gefe guda. Inda kututturen ya rabu biyu kuma akwai tsagar da hannuna zai shige. Ta zura sanda, sai ga ƙasar gara tana zubowa. Babban ɓangaren ya karkata kan ɗakunan da ke ƙarshen layi.

Ta kira Insom mai saran itace. Ya ƙwanƙwasa kututturen, ya ce ciki ya zama fanko, ga shi lokacin guguwar bazara ne. Sai dai shi ba zai ɗora zarto kan bishiya mai ƙyalle ba sai an yi roƙo an sallami aljanar da ke zaune cikinta, tsohon da ke yin roƙon kuwa ya tafi Lamphun wajen 'ya'yansa, sai bayan biki. Da ƙyar ya yarda ya rage rassan sama. Bai gama jingina tsani ba Kaka Khamla ta jawo kujerarta ta zauna a gindin.

"Inna, ki tashi ya yi aikinsa," in ji Buakham.

"A nan ubanki ya binne cibiyarki. In za ku sare ta, ku fara da ni."

"Akwai mutane a ɗakunan nan, Inna. 'Ya'yan wasu ne."

Tsohuwar ta kau da kai. Insom ya naɗe igiyarsa ya fita.

A makon Songkran ba a samun gado ko ɗaya a birnin nan, don haka babu inda za ta tura waɗanda ke ɗakunan ƙarshe. Ta faɗa musu gaskiya. Wani ya yi ta faɗa ya kwashe kayansa. Ɗalibai biyu na ɗauke su zuwa saman rumfata. Sauran wasu 'yan mata ne, ya da ƙanwa daga Trang, ta ba su ɗakinta a saman benen mahaifinta, gefen da bishiyar ta juya wa baya. Ita ta koma kan tabarma a kicin. Ta ja igiya ta kewaye ɗakunan da ta rufe, daga nan ba ta da aiki sai kallon sama. Kullum da la'asar hadari ya haɗo ta kan dutsen da ke bayan gari, ya yi baƙi, ya watse. Na kai mata abinci ya huce a gabanta.

A rana ta biyu ta bikin, lungu ya cika maƙil. Motoci ɗauke da duro-duro na ruwa, kiɗa kamar zai fasa kunne, kowa jiƙe sharkaf. Bayan azahar gari ya yi tsit da zafi, sai iska ta zo gaba ɗaya, ta ɗaga rufin rumfata ta sauke, ƙanƙara ta biyo baya. Na hango Buakham a guje cikin lambun. Kaka Khamla na kan kujerarta a gindin tsamiya, ta riƙe hannayen kujerar gam. Buakham ba ta tsaya lallashi ba. Ta kama gefe, na kama gefe, muka ɗauke ta da kujerar, tana zaginmu, har cikin rumfata.

Muna sauke ta muka ji ƙara kamar an harba igwa. Tsamiyar ta tsage. Ɓangaren da kowa ke tsoro yana nan tsaye. Ɗayan ne ya kwanta kan benen, rufin ya lotsa ciki.

Buakham ta kama wuyan hannuna ta tambaye ni ko na ga 'yan matan sun fita. Na ce na gan su da safe. Kafin in rufe baki sai ga babbar ta kutso daga lungu, bindigar ruwa a hannunta, tana kiran sunan ƙanwarta, Jiap. Zazzaɓi ya kama yarinyar tun da hantsi, ta bar ta a kwance a sama.

Wayar wuta ta tsinke, tana tartsatsi a kan matakala. Na fita lungu ina jan rigunan maza, kiɗa ya hana a ji ni, wani ma ya sheƙa mini bokitin ruwa yana dariya. Wani direban tasi ne ya kalli fuskata ya gane, ya ruga ya kashe wutar daga mita. Kafin nan Buakham ta riga ta hau. Rabin matakalar ya karye, da rarrafe ta shige ƙarƙashin rassa, muka daina ganinta.

Muka tsaya cikin ruwa muna jira. Duk sanda iska ta kaɗa sai gidan ya yi ƙara, ragowar bishiyar kuma tana lilo a kanmu. Babbar yarinyar ta daina kira, ta toshe bakinta da hannu. Can sai tagar gefe ta buɗe, muryar Buakham ta fito, ba ko rawa a cikinta:

"Ku matso da mota nan. Tana da rai."

Suka jawo akori-kura ƙarƙashin tagar, maza suka hau. Ta turo yarinyar ƙafa a gaba, goshinta na jini, suka cafe ta. Babbar azarar rufin ce ta tokare reshen a saman gadon. Buakham na ƙoƙarin fitowa reshen ya zame ya danne mata ƙafa. Da jak ɗin mota aka ɗaga shi, da taimakon 'yan agaji da suka sha wahalar ratsa cunkoson biki.

Ƙafar ta karye wuri biyu. Jiap kuwa ɗinki kawai aka yi mata. Buakham na asibiti Kaka Khamla ta aike ni in kira Insom. Muka same ta tana kwance ƙyallayen da hannunta, tana ninke su ɗaya-ɗaya. Insom ya fara maganar tsohon Lamphun, ta katse shi.

"Sare ta, ɗana. Ni na yi mata magana."

A iya sanina, uwa da 'ya ba su taɓa tayar da zancen ba har tsohuwar ta rasu a shekarar da ta biyo.

Yanzu Buakham na tafiya da sanda. Benen an gyara ƙasansa, saman an bar shi a rufe. Rana na dukan lambun tun safe, baƙi sun ragu, masu zuwa ma suna kukan zafi. 'Yarta na bugo waya daga Bangkok, wai wani kamfani na son filin. Buakham takan saurara har ta gama, ta ce sai bayan damina. A makon jiya ta sa direban nan ya kawo mata raga mai tare rana da gorori, tana zaune tana nuna masa inda zai kafa kowanne.