Takalman da Aka Ajiye wa Ranar Gasa

Iliya mutumin Funtuwa ne, kuma karatun shari'a ya kawo shi Alƙahira. Haka dai mahaifinsa ke faɗa wa mutane har gobe. Abin da ya faru a zahiri kuwa, ya zo da niyyar shekara huɗu, ya yi ta maimaita aji har malamai suka fara gaishe shi kamar abokin aiki. Ya auri Widad, 'yar Hausawan Sudan mazauna Hada'iƙ al-Ma'adi, aka haifa musu Humaira, shi kuma ya koma bin gidaje yana koyar da 'ya'yan mutane Alƙur'ani. In aka tambaye shi digiri sai ya ce saura ƙiris. Ƙiris ɗin nan ya girmi 'yarsa.

Ƙwallo kam bai taɓa buga wa kowa ba. A makarantar gwamnatin da ya yi a gida, shi ne mai riƙe wa 'yan wasa riguna. Amma Allah ya hore masa baki, kuma shekarar 2011, ta juyin juya halin Masar, ta zo masa daidai, don a lokacin kowa a garin ya zama mai jawabi, daga direban tasi har mai sayar da wake a bakin tashar jirgin ƙasa na metro. Kowa ya zaɓi zaluncin da zai yaƙa. Iliya ya duba ya ga manya-manyan duk an riga shi, sai ya ɗauki na ƙwallon makarantu.

Dalilin a cikin gidansa yake. Munzir, ƙanen Widad, yana sakandaren gwamnati ta unguwarsu, kuma yaron ya iya ƙwallo irin iyawar da ke sa mai wucewa ya ajiye kayansa ya tsaya kallo. Filinsu tsakar makaranta ne, siminti zalla, ragar ma da fenti aka zana ta a jikin bango. Malamin wasanninsu wani dattijo ne da ke jiran ritaya a gindin bishiya da kofin shayi. Da Iliya ya je ya ce zai taimaka, dattijon bai tambaye shi ko takarda ba, ya miƙa masa usur ya ce yalla, wato bismilla. Tun daga ranar yaran suka fara kiransa Kabtin, yadda Misirawa ke kiran koci, kuma wallahi sunan ya fi masa digirin daɗi.

Da ka tsallake layin metro ka shiga cikin bishiyoyin Ma'adi, ga makarantun kuɗi nan da filayensu, ciyawa shar ana ba ta ruwa safe da yamma. Ɗaya daga cikinsu tana shirya gasar makarantu duk shekara, su ya su. Bayan juyin juya hali kowa na son a ce yana tare da talaka, sai suka buɗe gurbi guda ga makarantar gwamnati. Iliya ya yi ta sintiri a ƙofarsu har masu gadi suka san tarinsa, gurbin ya faɗo wa makarantar su Munzir.

Shekarar farko an lallasa su. Ta biyu ma haka. Yaran da suka saba da siminti, suna sanye da takalman kambas masu shafaffen ƙasa, da sun taka jiƙaƙƙiyar ciyawa sai santsi ya kwashe su. Nan Iliya ya samu jawabin da ya rayu a kansa.

"Ƙafa ɗaya ce!" haka yake faɗa, a metro, a ɗakunan ɗalibai, a wurin suna, har a wurin ta'aziyya. "Ɗan mai kuɗi bai fi ɗan talaka ƙafa ba. Takalmi ne kawai. Ku ba ni takalmi mai ƙusa ku ga aiki."

Abin haushin shi ne yana da gaskiya, ko dai rabinta. Sai dai mu mutanen nan, in muka samu rabin gaskiya, ba ma sake neman ɗaya rabin.

A shekara ta uku Kabtin Ya'ƙub, shugaban wasanni na makarantar da ke shirya gasar, ya kira shi ofis. Mutum ne mai sanyin magana, abin da ya fi ba Iliya haushi ke nan game da shi. Ya ce iyayen yara suna ƙorafi, wai wasa da makarantar gwamnati ɓata lokaci ne. An yanke cewa bana za su buga wasa guda na share fage da mafi rauni a cikin makarantun kuɗin. In sun ci, gurbin nasu ne har gaba. In an ci su, khalas, an rufe ƙofar.

"Amma filinmu a buɗe yake duk Asabar, ya ustaz," in ji Kabtin Ya'ƙub. "Kawo su su saba da ciyawar."

Iliya ya yi godiya a tsaye, ya fita yana cika yana batsewa. Sadaka za a ba shi? Kuma a zauna a inuwa ana karance masa dabarunsa? Bai kai su ba ko sau ɗaya.

Maimakon haka sai ya tashi haiƙan neman takalmi. Ya bi 'yan kasuwa bayan sallar Juma'a, ya bi ɗalibai, ya bi iyayen yaran da yake koyarwa. Da yawa sun bayar ne don ya yi shiru. Da abin ya taru ya hau metro zuwa kasuwar Ataba shi kaɗai, ya tsaya gaban mai takalma, ya karanto lambar ƙafar kowane yaro, sannan ya ce a ƙara lamba biyu a kan kowacce.

Mai shagon ya dube shi. "Na ƙwallo fa kake so, ya shaikh. Shi kama ƙafa ake so ya yi."

Iliya ya yi murmushin wanda ya san rayuwa. Wa ya taɓa saya wa yaro mai tasowa takalmi daidai ƙafarsa? Shi kansa bai taɓa sa takalmin da ya yi masa daidai ba sai da ya yi gemu. Uwarsa takan saya da girma, a cusa tsumma a gaba, yaro ya girma ya tarar da abinsa. Wannan ba rowa ba ce, hankali ne.

Ya ɗauko su a buhu biyu, jajaye, sababbi fil, roba mai tauri tana ƙamshin shago. Ya jera kwalayen a saman durowar ɗakinsu ya rufe da zane. Munzir ya zo ya roƙa.

"Yaya Iliya, ko sau ɗaya mu gwada su a atisaye."

"A kan simintin? Ƙusoshin su cinye kafin ranar?" Ya kaɗa kai. "Ka taɓa ganin an sa kayan Sallah tun azumi? Ranar za ku sa su, ku fito tsaf, idon 'ya'yan masu kuɗin ya raina fata."

Widad tana ninke kaya ta ce, "Abu Humaira, ko takalmin biki ai sai an ɗan taka shi a tsakar gida."

Ya ce da ita maganar ƙwallo ce, ta bar wa masu ita. Har ya ƙara da doka ga yaran: ranar wasa kada wanda ya zo masa da tsohon kambas ɗinsa. Su zo da silifa, su sa sabo a bakin fili. Ba ya son kowa ya ga tsummokaran nan a gefen ciyawar mutane.

Ranar ta zo. Aka buɗe kwalaye a gefen fili, yaran suna shafa takalman suna dariya, kuma Iliya ya ji ƙwalla ta cika masa ido, don wasunsu ba a taɓa ba su sabon abu a kwali ba. Ya raba musu tsofaffin jaridu suka cusa a gaba, aka ɗaure igiya tam. Suka shiga fili a jere, jajayen ƙafafu suna ƙyalli, sai dai tafiyar ta agwagi ce.

Da farko abin dariya ne. Ishaq, golansu, wani dogon yaro marar magana, ya daki ƙwallo sai takalmin ya fi ƙwallon nisa. Iyayen da ke zaune a rumfa suka kwashe da dariya, har Iliya ya ɗan taya su don kada a ce ya ji. Mai tsaron baya ya juya, takalminsa bai juya tare da shi ba, aka wuce shi aka zura ta farko. Jaridar ta jiƙe da gumi ta dunƙule, ƙafa ta shiga yawo a cikin roba, dunduniya tana gogar bakin takalmi a kowane taku. Kafin a je hutun rabin lokaci an zura musu uku, kuma rumfar ta daina dariya, don an fara ganin ja a jikin fararen safa.

Yaran suka zube a gefe suna cire takalma. Dugadugan duk sun yi bororo, wasu sun fashe.

"Kabtin," in ji Munzir, "bari mu buga ba takalmi."

Iliya ya ruga wurin alƙalin wasa. Alƙalin ya ce ba zai bar yaro da ƙafa tsirara a cikin masu ƙusa ba, su sa tsofaffin takalmansu mana. Iliya ya waiwaya ya dubi tarin silifa a bakin layi. Bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma babu wani mai kuɗi a kusa da zai ɗora wa.

Yaran suka mayar da ƙafafun cikin robar suna cije leɓe, suka koma. An tashi biyar da ɗaya. Ɗayar Munzir ne ya ci, da ka, wurin da Iliya bai saya wa komai ba.

Bayan an watse ya nufi ofishin Kabtin Ya'ƙub. Yana da jawabi a shirye tun shekara uku, na ciyawa da siminti da 'ya'yan talakawa, kuma duk abin da ke cikinsa gaskiya ne har ranar. Amma da ya buɗe baki sai ya ji yana cewa, "Kabtin, yaran nan ba su aka ci ba. Ni aka ci. Ni na saya musu takalman da girma, ni na hana su gwadawa. A cire ni, a bar musu gurbin."

Kabtin Ya'ƙub ya saurare shi har ƙarshe, ya sa aka kawo masa ruwa. "Ma'alish, yi haƙuri, ya ustaz. Da a hannuna yake da na yi. Kwamitin iyaye ne, kuma sun ga abin da suke son gani." "Amma yaron nan da ya ci da ka. Muna da gurbin karatu kyauta ga irinsa. Ka gaya wa iyayensa."

To, wannan shi ne abin da Iliya ya fi tsine wa a jawabansa: makarantun kuɗi su tsince yaran kirki na gwamnati, su ci kofi da su, sannan su juyo su ce makarantun gwamnati ba su iya komai ba. Satar yara yake kiran abin. Ya zagaya layin gidan su Munzir ya sake zagayawa kafin ya hau bene, yana tunanin ya haɗiye saƙon. Ba wanda zai sani. Sai dai ya san ajin su Munzir, inda yara ke zama a kan taga don rashin benci.

Ya faɗa. Surukarsa Bakhita, uwar su Widad, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Munzir yana zaune da ƙafafu a cikin robar ruwan gishiri, ya sunkuyar da kai. Widad ta bari sai da hayaniya ta lafa.

"Abu Humaira, ba wannan ce satar yaran da kake faɗa ba?"

"Wannan daban ce."

"Ta ina?"

Ya sosa gemu. "Wannan namu ne."

Da shekara ta zagayo aka yi gasar, makarantun kuɗi su ya su kamar da. Iliya ya je a matsayin dangin ɗan wasa, ya sa babbar riga har da turare. A bakin ƙofa ya tarar da Ishaq da wasu biyu daga tsohuwar ƙungiyar, sun tako da ƙafa daga unguwa, masu gadi sun hana su shiga. Ya ce 'ya'yansa ne. Mai gadin ya dubi ɗayan, Bamisire fari tas, ya dubi Iliya, ya ɗaga kafaɗa ya buɗe.

Munzir, cikin rigar makarantar kuɗin, ya ƙara jiki, takalminsa ya kama ƙafarsa cif. Ya yanke mutum biyu ya narka ƙwallo a raga, sai ga Iliya tsaye a kan kujera, hula a hannu, yana ihu ya fi duk iyayen da ke rumfar. Murna ce ta gaske, ba zai yi ƙarya ba. Wata mata a gefensa ta tambaye shi ko ɗansa ne, ya ce shi ya koya masa.

Yana zama Ishaq ya taɓa masa hannun riga. Yaron bai tafa ba, idonsa na kan ragar da ke can ƙarshen fili.

"Kabtin, mu kuma yaushe za mu buga?"

Ba gatse a muryarsa, tambaya yake da gaske, don har yanzu yana ganin Kabtin zai san yadda za a yi. Ishaq ajin ƙarshe yake, watanni kaɗan suka rage masa ya bar makaranta.

"Kalli wasa, Ishaq," in ji Iliya a hankali.

Yaron ya mayar da ido fili. Iliya ya sa hularsa, kuma har aka tashi bai sake miƙewa ba.