Gorar Malam Badaru

Malam Badaru, manomin gyaɗa a Bacirawa, shi ya fara jawo famfo a unguwarsu, kuma bai bar kowa ya manta ba. Da ruwan ya koma kamar kunun kanwa, sai ya cika gora ya nufi ofishin ruwa yana kumfar baki.

Ya zauna a layi har azahar. Famfon ofishin ko ɗigo babu, sai ya yi alwala da ruwan gorar.

Da aka kira shi, ma'aikaciyar ta dubi gorar, ta dubi jiƙaƙƙen gemunsa.

"Baba, ruwan da ya yi maka alwala ka kawo ƙararsa?"

Har yau in yana ba da labarin cewa yake, "Shaida ɗaya gare ni, na kuwa kurkure baki da ita."