Manhajar da ke Tuna Mini Sallah

Ko da zan manta ranar da na gama makaranta, ba zan manta ranar da taubashiyata ta tsaya a kan kwamfutata ta yi mini tambaya ɗaya ba.

A lokacin ina rubuta manhaja a wani ɗaki da ke zauren gidanmu a Soron Ɗinki, kuma kaina ya fi ƙofar ɗakin girma. Wata Hajiya mai ƙaramin asibitin mata a Mandawari ta ba ni aikin haɗa mata manhajar ajiye bayanan marasa lafiya. Sharaɗinta ɗaya ne, kada sirrin mace ko ɗaya ya fita. Na bugi ƙirji na ce, "Hajiya, ko harafi ɗaya ba zai tsallake ganuwa ba."

Kuma fa na yi ƙoƙari, a yaba mini. Abokan sana'ata suna amfani da ƙirƙirarriyar basirar da ke ƙarasa wa mutum layin kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, amma duk abin da suka rubuta sai ya je kwamfutocin wasu a ƙasar waje. Ni kuwa, gwani na gwanaye, na sayi tsohuwar kwamfuta mai ƙarfi, na girka tawa basirar a ciki, na haɗa ta da sola. Ina fara layi tana ƙarasawa, ba ruwanta da intanet. Duk wanda ya leƙo zauren sai ya sha lacca, har mai kawo mana ruwa bai tsira ba.

Manhajar da muke rubuta kod a cikinta tana da kasuwarta, inda kowa ke baje 'yan ƙananan manhajojin da ake liƙa mata. Kasuwa ce da ba a tambayar ɗan wane ne kai. Wata rana ina zagayawa na ga wata mai nuna lokutan sallah a gefen allo, da ɗan koren wata mai kyau. Ban duba wanda ya yi ta ba, ban karanta abin da ke cikinta ba. Na ce abin da ke tuna wa mutum Allah ai ba zai cuce shi ba. Na latsa, ta shige. A makon ne kuma na kwafo bayanan asibitin na gaske don gwaji, saboda ƙirƙiro na ƙarya wahala ne, ni kuma babban mutum ne.

Ranar wata Asabar da azahar taubashiyata, 'yar gwaggona, ta shigo gaida mahaifiyata. Tsaron kwamfuta ta karanta, kuma tun muna yara ba ta taɓa raga mini ba. Na ja ta in nuna mata abin alfaharina. Ta saurara har na gama, idonta na kan na'urar intanet da ke ta ƙyafta fitila.

"To Malam gwani," in ji ta, "injin da ba ya fita waje, da wa yake hira haka?"

Na ce sabunta kansa yake yi. Ta ja kujera ta zauna, ta yi 'yan dube-dubenta, can ta nuna koren watan nan. Ashe duk lokacin da ya sanar da sallah, sai ya tattara fayilolin da na buɗe ya aika wani wuri. Sau biyar a rana, bai taɓa makara ba.

Ta juyo ta ce, "Kai da lasifikar masallaci ke jingine da tagarka, har sai wani baƙo ya gaya maka azahar ta yi?"

Ban iya dariya ba. Na san abin da ke cikin fayilolin: sunaye, unguwanni, da abin da ya kai kowace mace asibiti. Na so in goge in yi shiru. Ta ce in ban je na faɗa wa Hajiya ba, ita za ta je.

Na taka har Mandawari. Na wuce matan da ke jere a benci ban iya ɗaga kai ba. Hajiya ta saurare ni har ƙarshe, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ɗana," ta ce, "akwai matan da ke cikin takardun nan da ko mazajensu ba su gaya wa ba. Ni suka gaya wa. Yanzu ni zan kira su ɗaya bayan ɗaya."

Ta karɓe aikin, kuma ta yi daidai. Har yau ban san hannun da bayanan suka faɗa ba, wannan rashin sanin shi ne ya fi ci mini rai.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na gina katanga na sa ƙofar ƙarfe, sannan na ɗauko ɓarawon da hannuna saboda ya zo da carbi. Yanzu duk abin da zan liƙa wa kwamfutata sai na binciki asalinsa kamar mai neman aure a gidanmu, amanar mutane kuma ba na gwaji da ita. Lokacin sallah kuwa, ladanin unguwarmu ya ishe ni.