Yadda Na Mai da Jikata Baƙuwa a Gidan Kawunta

A gidanmu ba a tashi daga gaban akushi sai an ce alhamdu lillahi, ba a kuma wuce ƙofar madafi sai an yi wa mai girki sannu da aiki. Haka na tarar a gidan ubana, haka na yi wa 'ya'yana, haka na shiga yi wa jikoki da Allah ya kawo su. In muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida ƙwaya ta gangara, sai in sa yaro ya tashi ya ɗauko ta, in ce masa wani ya sunkuya cikin rana kafin ta iso hannunka. In an jawo ruwa daga rijiya, wanda ya sha ya gaida wanda ya ja. Wannan ban taɓa ganin laifinsa ba. Abin da ke ci na a rai daban ne.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da 'yan mata ƙanana suka fara tafiya Islamiyya cikin hijabi har ƙasa suna tuntuɓe da shi, 'yata ta rasu a Mashi wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Ta bar yarinya mace tana famfara. Uban yarinyar dillalin shanu ne, yau yana wannan kasuwa gobe yana tsallaken iyaka, ga shi ba wata mace a gidan. Da aka share makoki ya ce in tafi da ita har Allah ya daidaita masa zama. Na riƙo hannunta muka taho ƙauyenmu, nan gabas da Daura.

To ni kuwa a lokacin ba a gidan kaina nake ba. Tun da maigidana ya rasu ina hannun babban ɗana, a ɗakin da ya gina min jikin rumbu. Damina ta yi gardama a shekarar. Kullum da safe ina jin ana jawo dami, ina kuma jin yadda cikin rumbun yake ƙara amsa kuwwa. Ga 'ya'yansa cike da tabarma, ga ni tsohuwa ba noma ba sana'a, ga shi na ƙaro masa baki.

Ba wanda ya ce min komai. Ɗana ya shafa kan yarinyar ya ce 'yar ƙanwarsa 'yarsa ce. Matarsa tun ranar ta yi mata wanka, ta tsefe mata kai, ta ce ta riƙa kiran ta Umma kamar yadda sauran suke yi. Tsoron daga cikina ya fito, ni kaɗai.

Sai na ja yarinyar ɗakina na zaunar da ita. Na ce mata, “Ke ba kamar su ba ce. Su nan gidan ubansu ne.” Na ce in an ci tuwo ta je ƙofar madafi ta durƙusa ta gode, in gari ya waye ta sake godiyar jiya. In an miƙo mata abu, ko gutsuren sabulu ne, ta sa hannu biyu. Kada hannunta ya zama na ƙarshen fita daga akushi, kada ta ce a ƙara, kada ta ce wannan bai yi mata ba. Tana kallo na tana gyaɗa kai.

Kuma ta koya, ta koya fiye da yadda na so. Ana nan ana nan, maƙwabta suka fara yi wa 'ya'yansu misali da ita, ni kuwa kaina yana kumbura. Sauran jikokin sukan zo ƙofar ɗakina su yi ta tsokana ta. Babban namijin ya ce ya sake ni, ba ya zama da mata marar haƙori, ni kuma in ce tafi can, miji ba cefane, ko goro ba ka taɓa kawowa ba. Ita tana gefe a tsaye, tana murmushi, ba ta shiga. In na raba musu ƙuliƙuli su warta su zura da gudu, ita ta durƙusa ta ce ta gode. Har ni. Ni da na haifi uwarta.

Da sallah ta matso, ɗana ya auna ƙafafun yara da sillen kara, kowa da nasa, ya zuba a aljihu ya tafi kasuwar Mai'adua. Ashe nata ya karye a hanya bai lura ba. Takalmin roba ya sayo mata mai kyau, amma ya yi mata kaɗan. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta durƙusa, da safe ta sake godiya. Da shi ta je idi, da shi take zuwa Islamiyya, da shi take zuwa rijiya. Sai wata rana surukata ta hango ta tana ɗingishi da tulu a ka. Ta sauke mata tulun ta cire takalmin, ta tarar da diddige ya ɓare har ya yi ruwa. Ta tambaye ta me ya hana ta faɗa. Yarinyar ta ce Kaka ta ce abin da aka ba ka ba a cewa bai yi ba.

Bayan azahar surukata ta zo ɗakina. Ba ta shigo ciki ba, ta zauna a bakin ƙofa kanta a ƙasa, kamar yadda ta saba tun tana amarya. Ta ce alfarma take nema, in bar yarinyar nan ta daina durƙusa mata. Na ce ai tarbiyya ce.

Ta ce, “Inna, nawa ma ke kika ba su tarbiyya, amma ba sa durƙusa min don na zuba musu tuwo. Duk ranar da ta durƙusa sai in ji kamar ana tuna min ba ni na haife ta ba. Wallahi da za ta yi min tsiwa ko sau ɗaya ne da na fi jin daɗi.”

Na ce to. Na kira yarinyar na ce ta bar durƙuson. Amma waccan magana ta farko, wadda na ce ita ba kamar su ba ce, ban janye ta ba. Na yi niyya, bakina ya yi nauyi. Kuma in suna cin abinci ta kai hannu sau ɗaya sau biyu, sai ta ɗago ta dube ni, ni kuma ban san lokacin da idona yake yin abin da bakina ya daina ba. Sai ta lashe hannu ta tashi. Surukata ta riƙa ajiye mata ƙanzo da ragowar fura a ɓoye, ita kuma ta riƙa raba wa ƙananan.

Kwanci tashi wata damina ta zo, ta yi albarka, rumbu ya cika har aka jingina dammuna a jikin danga. Bayan kaka sai ga uban yarinyar a kan babur. Ya yi aure, ya ce ya zo tafiya da 'yarsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida tunda suruki ne. Ɗana ya roƙe shi ya bar ta, ta saba da 'yan'uwanta, ta yi nisa a karatu. Surukata daga bayan danga ta sa baki. Mutumin mai sauƙin kai ne, ya ce shi ba zai raba ta da inda take jin daɗi ba, a kira ta a ji ta bakinta.

Ta zo ta durƙusa. Ta ce Kawu bai taɓa yi mata faɗa ba, Umma ba ta taɓa dukan ta ba, ta gode musu ƙwarai, amma za ta bi Baba. Kawunta ya tambaye ta dalili cikin lallashi. Tana wasa da bakin hijabi ta ce, “A can gidan ubana ne. Ko na ci na ƙoshi ba komai.”

Na ga fuskar uban ta canza. Ya dubi wuyan 'yarsa yadda ya rame, ya dubi dammunan da ke jingine, ya dubi wajen da muryar surukata ta fito. Ɗana ma ya waiwaya can. Nan take na ce ba ita ba ce, ni ce, ni na hana yarinyar ci, na faɗi duk abin da na ce mata a ɗakina. Ɗana ya yarda, don ya san uwarsa. Surukin nawa kuwa ya sunkuyar da kai ya ce ba komai Inna, Allah ya bar zumunci. Na san bai yarda ba. Wace kaka ce za ta hana marainiyar 'yarta tuwo?

Surukata da kanta ta haɗa mata kaya, ta ƙulla mata gyaɗa da kuka da daddawa, ta ɗora ta a bayan babur ta gyara mata hijabi don kada ya shiga taya. Sannan ta shige ɗaki, ranar babbar 'yarta ce ta yi tuwon dare.

Na nemi gafarar surukata ta ce ta yafe, kuma har yau kwanona take fara zubawa. Amma ko suna ake yi ko rasuwa a Mashi ba ta zuwa, don maganar ta riga ta zaga dangin can, cewa matar kawu ta horar da marainiya da yunwa. Ɗana kaɗai yake leƙawa. Ya ce yarinyar ta yi kumatu, har matar uban tana ƙorafin ta cika surutu. Na gode wa Allah a kan wannan.

Duk wanda na ji zai bi ta Mashi, mai babur ne ko mai kai dabbobi, sai na tsayar da shi na ba shi saƙo ya faɗa musu gaskiyar yadda aka yi, kada su ɗauki alhakin baiwar Allah. Amsar da take dawowa ba ta canzawa. Suna gaishe ni, suna cewa Allah ya saka wa tsohuwa da alheri, ta iya rufa asirin gidan ɗanta.